Ranar da Malam Barau Ya Hana Allura

"To me muka zo yi ke nan?" in ji Hajo, wata tsohuwar Bafulatana. "Mun keto taɓo tun daga ruga, ka miƙo mana gishiri a leda? Gishiri ai muna da shi, har shanu muke ba wa."

"Inna, naku na shanu ne, wannan na mutane ne," in ji Malam Barau, yana murmushi.

"Kaɗo, kar ka mai da ni yarinya. Ɗauko allurarka. Uban yarinyar nan ma, ba kai ka tsira masa ba lokacin da yake gudawa? Ga shi nan tsaye kamar bishiya."

Ta nuna ɗanta Ilu, wanda ke bakin ƙofa riƙe da sandarsa. Jikarta Ummi na goye a bayanta, ta kwantar da kai, ba ta fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Uwar yarinyar, Khadijatu, ta raɓe a jikin bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ni kuwa ina kan benci, ƙafata a naɗe da tsumma. Fartanya ce ta sare ni wajen noman gyaɗa, shi ya sa a 'yan kwanakin nan kullum sai na zo wankin ciwo. Da haka na ga abin da na gani, sauran kuma shi Malam Barau ne ya ba ni labari da bakinsa.

Ɗakin shan maganin ƙauyenmu, a ɓangaren Tudun Kaya, ciki biyu ne da baranda. Malam Barau ba likita ba ne a takarda, makarantar koyon aikin lafiya ya yi a Kano. Amma mu ba mu san wani likita ba sai shi, Likita kuma muke kiransa. Ɗan garin ne, yana da gonar dawa a bayan makarantar firamare, in ya tashi aiki can za ka same shi da tsohuwar riga. Ya san gidan da ake gadon hawan jini, ya san wanda in ya sha wani magani jikinsa ke yin ruɗu-ruɗu. Akwai gidajen da ya yi wa kaka magani, ya yi wa ɗa, yanzu jikoki ake kawo masa. Fulanin da ke zaune ta wajen iyakar Rogo ma nan suke zuwa, suna wuce wuraren da suka fi kusa da su.

Abin da ya yi suna a kai shi ne allura. Ana cewa hannunsa ba zafi, yaro bai gama buɗe baki zai yi kuka ba an riga an zare. A wurinmu kuwa, in ka je asibiti ka dawo ba a tsira maka allura ba, kamar ba a ɗauki ciwonka da muhimmanci ba ne. Sai a tambaye ka, "Me aka yi maka?" Ka ce ƙwaya aka ba ka. A ce, "Ayya, ba su duba ka da kyau ba."

Wata rana yana wanke min ƙafa na tambaye shi me ya sa ya rage allurar, tunda mutane na so.

Ya ce, "Suhaibu, da hannun nan na yi wa rabin garin nan allurar kulorokwin. A makaranta aka koya mana, muka haddace, muka ci jarrabawa a kanta. Ana nan sai aka ce ta daina kashe zazzaɓi. Na ƙi yarda. Na daɗe ina yi a ɓoye, sai da na ga yaran da na yi wa suna dawowa jiki kamar wuta. Ka san yadda mutum ke ji, a ce abin da ya iya shi ne kuskure?"

Na gudawar yara ma haka ya faru. Ya ce tun da daɗewa aka tara su bita a Kano, aka nuna musu a allo cewa yawancin gudawar yara ba ta bukatar allura ko sirof na kashe ƙwayar cuta. Ruwan jiki ne ke ƙarewa, shi ke kashe yaro. A dama garin gishiri da sukari na fakiti a ruwa mai tsabta a yi ta ba shi, a haɗa da ƙwayar zink, a ci gaba da ba da nono. Ya ce duk sun gyaɗa kai, aka ci shinkafa, kowa ya koma garinsu ya ci gaba da abin da ya saba. Shi ma haka. Sai dai yakan ɗora fakitin a kan sirof da allura, kamar gyara a kasuwa.

Wadda ta sauya shi Dakta Rukayya ce, likitar iyali daga babban asibiti, da kan zagayo ƙauyuka lokaci-lokaci. Ba ta kai shekarun babbar 'yarsa ba. Wata ranar kasuwa ta zauna gefen teburinsa tun safe, ba ta ce masa komai ba har layi ya ƙare.

Sannan ta ce, "Baba Barau, cikin yaran da aka kawo yau da gudawa, wanne ne aka ga jini a bayan gidansa?"

Ya ce babu.

"To wa muke kashewa da maganin nan?"

Ta yi masa bayanin binciken da aka yi a kan yara masu yawa a ƙasashe irin tamu, aka ga waɗanda aka ba ruwan da zink sun fi saurin warkewa, sirof ɗin kuwa bai ƙara musu komai ba. Ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin. Akwai marasa lafiya kwance a asibitinsu da aka gwada wannan aka gwada wancan, ba wanda ya kama.

Ya ce mata, "Ke Dakta, tsakaninki da Allah, ba kya rubutawa?"

Ta ce, "Ina rubutawa wani lokaci. In layi ya yi tsawo, uwa ta tsare ni da ido, sai in rubuta don ta tafi. In na koma gida abin ya yi ta damuna."

Ya ce min da ta ce ba ta taɓa yi ba, da ya raka ta mota ya dawo ya ci gaba da harkarsa. Wannan amsar ce ta shige shi. Daga ranar ya ɗaure wa kansa cewa yaro mai gudawar ruwa ba zai ƙara yi masa allura ba.

Bai ji da daɗi ba. Benci ya fara raguwa. Akwai mai kyamis a bakin tasha wanda ba ya musu da kowa, in ka ce allura zai ce ja ko fara. A teburin mai shayi na ji da kunnena ana cewa Likita ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, shi ya sa yake fakewa da gishiri. Ya ji maganar, ya ci gaba da aikinsa. Amma gidan Hajo bai taɓa zaton zai yi wannan jayayya da su ba, sai ga su a gabansa ran nan.

Ya duba yarinyar da kyau, ya taɓa maɗigarta, ya leƙa bakinta, ya tambaya ko akwai jini. Babu. Ya ce, "Inna, jikinta da sauran ƙarfi. In aka ba ta wannan yadda ya kamata, da yardar Allah za ta miƙe."

"Haƙori ne fa take yi. Allura ɗaya ta tsayar da shi."

"Ba zan yi mata abin da ba zai amfane ta ba."

"Da can da kake yi, cutar mu kake yi ke nan?"

Wannan tambayar ta same shi. Hajo ta gyara goyonta, ta ce wani abu da Fulatanci, ta fice ta tsaya can gindin darbejiya ta juya wa asibitin baya. Ilu ya bi ta yana ba ta haƙuri. Aka bar Khadijatu ita kaɗai a jikin bango.

Malam Barau ya kira ta. Ya ɗauko fakitin ya yi mata bayani a tsanake, da Hausa, yana haɗawa da ɗan Fulatancin da ya iya. A juye fakiti ɗaya a ruwan leda biyu, ko dafaffen ruwa daidai wannan. A yi ta ba ta kaɗan-kaɗan, duk lokacin da ta yi gudawa a ƙara, ko ta yi amai a ɗan jira a ci gaba. In ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Kar a hana ta nono. Khadijatu na gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Yana cikin maganar hannunsa ya ɗauki biro. Al'adarsa ce tun fara aiki, saboda yawancinmu ba sa karatun boko: yakan ja zane a bayan takardar magani. Zane ɗaya, sau ɗaya a rana. Zane uku, safe da rana da dare. A kan ƙwayar zink ya ja ɗaya. A kan fakitin gishirin ya ja uku. Ina kallo, ban ga wani abu a ciki ba, don ban taɓa karɓar magani a hannunsa babu zanen nan ba. Shi ma bai san ya ja ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya fara kwance min bandeji ke nan sai muka ji babur ya tsaya da ƙarfi. Ilu ne, Hajo a bayansa rungume da yarinyar a ƙirji.

Ban taɓa ganin yaro ya sauya haka ba. Idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa, leɓɓanta sun bushe. Tana buɗe baki kamar za ta yi kuka, amma babu hawaye, muryar ma da ƙyar take fita. Malam Barau ya kama fatar cikinta da yatsu biyu ya saki. Fatar ta tsaya a tattare, ta daɗe kafin ta koma.

"Inna lillahi. Ba ku ba ta ruwan ba?"

"Mun ba ta," in ji Hajo. "Yadda ka zana. Cokali da safe, cokali da rana, cokali da dare. Ban tsallake ko ɗaya ba."

Ta zaro gora daga cikin zaninta ta dangwarar a kan tebur. Ruwan na nan kusan cike. Ta ajiye yagaggen fakitin a gefensa. Ya ɗauka ya juya bayansa. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Nono fa?"

"Na ce a rage mata. Tana sha yana zubowa, me amfaninsa?"

"Amma ai na yi wa uwarta bayani. Na ce a yi ta ba ta, ba ƙaƙƙautawa."

Hajo ta dube shi kamar ya yi wani abin mamaki. "Uwarta? 'Yar fari ce fa. Khadijatu ko sunanta ba ta faɗa. A ɗakina yarinyar take kwana, ni nake ba ta abinci. Ita za ta buɗe baki ta koya min yadda zan ba jikata magani? Shekara nawa kana tare da mu, Barau?"

Ya sani. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban surukarta. A bita an ce musu a yi wa uwa bayani, shi kuma ya yi wa uwa bayani. Wadda za ta riƙe cokalin tana gindin darbejiya a lokacin, abin da ya iso hannunta zane uku ne kawai, zanen da ta shekara da shekaru tana bi ba ta taɓa saɓawa ba.

Ya kwantar da yarinyar, ya ɗauko ledar ƙarin ruwa guda da ta rage masa, ya ɗaure mata hannu yana neman jijiya. Ya nema a hannun dama, ya koma hagu, ya sauka ƙafa. Jijiyoyin sun kwanta. Zufa na ɗiga daga haɓarsa.

"Baba Likita," in ji Ilu, "ka yi mata ko wace allura ce. Don Allah. Ko wace iri."

Na ga Malam Barau ya kalli kabad ɗin magani. Yana kusa da shi, miƙa hannu kawai zai yi. Da ya yi, da Hajo ta sauke ajiyar zuciya, da sun ɗauki yarinyar sun koma ruga suna jiran allura ta yi aiki.

Ya ce, "Ilu, babu allurar da ke mayar da ruwa a cikin kabad ɗin nan. Tayar da babur ɗinka."

Ya yaga sabon fakiti ya dama da ruwan leda a wata gorar, ya ɗauki sirinji ya cire allurar ya jefar, ya zuƙo ruwan. Ya tallafo kan yarinyar ya ɗiga mata a gefen baki. Maƙogwaronta ya motsa.

"Tana haɗiya. Alhamdu lillahi. Mu tafi babban asibiti."

Hajo ta miƙa hannu za ta karɓe ta. Ya ce, "A'a Inna, ni zan riƙe ta, sai an yi ta ɗiga mata a hanya." Ya cusa sabuwar gorar da yagaggen fakitin nan na Hajo a aljihun rigarsa, ya hau bayan Ilu. Sai a lokacin ya tuna da ni. "Suhaibu, mayar da tsummanka. Ƙafarka ba inda za ta."

Suka tafi. Aka bar ni da Hajo a baranda. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana jan carbi.

Can sai ga Khadijatu ta iso a ƙafa, zaninta duk taɓo har gwiwa. Babu wanda ya ce ta zo, biyo sawun babur ta yi. Ta gaida surukarta a durƙushe, ta koma can ƙarshen benci ta zauna. Ba ta tambayi komai ba. Idonta na kan gadon da aka kwantar da yarinyar, wanda yanzu babu kowa a kai. Na rasa yadda zan yi, sai na juya wajen Hajo na ɗaga murya na ce, "Inna, ai da ya ɗiga mata ta haɗiye. Da ranta suka tafi." Hajo ta san wannan, a gabanta aka yi. Don Khadijatu ta ji na faɗa. Khadijatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta suna motsi.

Labarin hanya daga baya na ji shi. Ruwan da aka yi ya cika rafin da ke tsakaninmu da titi. Sai da suka sauka, Ilu ya tura babur, Malam Barau ya ɗaga yarinyar sama ya ratsa, ruwa har cinyarsa. Ya ce duk inda suka ɗan tsaya sai ya ɗiga mata, wani lokaci ta haɗiye, wani lokaci ya zubo ta gefen baki. A wani wuri ta yi laƙwas a hannunsa, ya sa kunne a ƙirjinta, bai gaya wa Ilu abin da ya zo masa a rai ba.

Sun yi sa'a Dakta Rukayya na nan. Ita ma ta sha wuya kafin ta samu jijiya, a ƙarshe a gefen kan yarinyar ta samu, bayan an aske wurin. Aka ɗaura ruwa. Kafin la'asar Ummi ta buɗe ido, ta yi kuka da hawaye. Ilu ya fita waje ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Malam Barau ya ja Dakta gefe ya nuna mata yagaggen fakitin, ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ya ce ta juya shi a hannunta, ta ce, "A duk takardun da na karanta, ban ga inda aka yi maganar kaka ba."

Shi kuma ya faɗa mata abin da ke cin sa tun a kan babur. "Dakta, da na yi mata allurar nan ran farko, ko ta bitamin ce, da Hajo ba ta fita ba. Da ta zauna ta saurare ni, da ita zan yi wa bayani. Allurar da ba ta da amfani, ita ce da ta sa an ba yarinyar ruwan."

Dakta ta ce ta san masu yin haka, har cikin manyan likitoci. Ta ce amma duk ranar da aka yi, an ƙara tabbatar wa uwa cewa allurar ce ta warkar, gobe in ba ta same ka ba za ta je inda za a tsira wa ɗanta ko mene ne. Ya ce mata ya san wannan. Ta ce ta san ya sani. A nan maganar ta tsaya, aka kira ta ɗakin haihuwa.

Ummi ta yi 'yan kwanaki aka sallame su. Kafin su iso gida labari ya riga su: gishirin Likita ya kusa kashe jikar Hajo, sai da likitar birni ta tsira mata allura a ka sannan ta farfaɗo. Haka ake faɗa a masallaci bayan an idar, haka ake faɗa a wurin mai shayi. Ba wanda ya yi maganar zane uku, don ba wanda ya sani sai mu da muke wurin. Na ce masa me zai hana ya bayyana wa mutane. Ya ce, "In ce musu me? Hannuna ne ya ja. Wanda ya ce laifina ne bai yi ƙarya ba, dalilin ne kawai bai sani ba."

Ya rame a 'yan kwanakin nan. Gonarsa ta yi ciyawa bai leƙa ba. Ya daina ajiye biro a kan tebur, sai a cikin aljihu, don kar hannunsa ya riga shi. Duk yaron da aka kawo da gudawa, tambayarsa ta farko yanzu ita ce wa ke kwana da shi. A gabansu yake dama ruwan, ya sa a ba yaro yana kallo. Abin na cin lokaci, wasu su gaji su tashi su nufi tasha. Wata rana na ji yana cewa, kamar da kansa yake, "Wa ya sani, ko nan gaba su zo su ce wannan ma ba haka ba ne." Amma bai buɗe kabad ɗin ba.

Ranar da ya cire min bandeji na ƙarshe, Ilu ya wuce ta gaban asibitin a kan babur. Ya rage gudu, ya ɗaga hannu, bai tsaya ba. Daga wajen tasha ya fito, da ƙullin leda a rataye a hannun babur ɗin.

Malam Barau ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Ka ga ledar nan?" ya ce. "Jiya wata mai tallan nono ta gaya min gudawar ta ɗan dawo wa yarinyar. Kafso suke saya, baƙi da ja, Hajo na ɓarewa tana zuba mata a kunu. Ƙwayar zink ɗin kuma tun da suka dawo ba a ƙara ba ta ba."

"Ba za su kawo ta nan ba?"

"Ba za su kawo ta ba."

Ya wanke hannu, ya shafa min magani a tabon, ya ce in riƙa sa takalmi in zan shiga gona, in ba haka ba ya gaji da ganin ƙafata. Sannan ya ɗauko tsohuwar jakarsa ya zuba fakitin gishiri da zink, ya sa ruwan leda, da ƙaramin kofi da cokali. Ya leƙa baranda, babu kowa a benci.

Na ce, "Baba Likita, in ta ƙi sauraronka fa?"

"Za ta zage ni dai. Kaɗo ne, Kaɗo ne, na saba." Ya ɗaure bakin jakar. "In ta bar ni na zauna a bakin ɗakinta, to. Ita zan ba cokalin, ita za ta ba yarinyar da hannunta. In ta kore ni, sai in koma gobe."

Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya gaya wa mai gadin makaranta inda za a same shi in an kawo wani. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ya dube shi, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya rataya jakar, ya bi 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gyaɗa ta nufi ruga.